Girman taya da ƙarfin ɗaukar kaya a motar a-kori-kura da aka ɗaga

Tayar kowace hanya, wadda ake rubuta wa alamar A/T a gefenta, taya ce da aka ƙera don ta yi aiki a kwalta da burji da yashi. Haƙoranta sun fi na tayar birni kauri da tazara, amma ba su kai na tayar taɓo mai alamar M/T ba, wadda ƙararta a kan kwalta ke hana hira a cikin mota. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ne ya fara fitar da irinta mai ƙirar radiyal, wato wadda zaren cikinta ya ratsa kai tsaye daga gefe zuwa gefe, a shekarar 1976. Al'adar ɗaga a-kori-kura a sa mata manyan tayoyi ta fi ƙarfi a Amurka da Ostareliya, a kan motoci irin su Ford F-150 da Toyota Tacoma da Hilux.

Karanta lambobin girma

Hanyoyi biyu ake bi wajen rubuta girman taya. Ta farko kamar LT265/70R17 ce. Haruffan LT na nufin tayar ƙaramar motar kaya, 265 faɗinta ne a milimita, 70 na nufin tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari ne na faɗin, R radiyal ce, 17 kuma girman wili ne a inci. In aka haɗa gefe biyu da wilin, tsayin tayar gaba ɗaya yana kai milimita 803, wato inci 31.6. Hanya ta biyu ta fi sauƙi: 35x12.50R17 na nufin tsayi inci 35, faɗi inci 12.5, wili inci 17. Sai dai yawancin tayoyin da aka rubuta wa 35 ba sa cika 35 in an auna su, balle nauyin mota ya danne su.

Abin da ɗagawa ke yi

Ana ɗaga mota ko dai ta canza sifirin da shokazoba, ko ta sa wa jikinta mazauni tsakaninsa da shasi. Duk biyun suna ƙara wa taya fili. A motar da aksul ɗinta na baya sanda ɗaya ce, kumburin da ke tsakiyarsa, inda giyar aksul take, yana nan inda yake komai tsawon ɗagawar, kuma shi ne ke fara dukan dutse. Babbar taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da tsayinta ya ƙaru: daga inci 31 zuwa 33, inci ɗaya aka samu.

Fili ma ba a tsaye ake gane shi ba. Taya na iya zama daram a gareji, amma da an karya sitiyari har ƙarshe, ko mota ta faɗa rami sifirin ya matse, sai ta goga jikin mota. Faɗin taya da yadda wili ya fito waje sukan jawo gogar fiye da tsayi.

Babbar taya tana kuma sa maleji ƙarya. Wanda ya cire 265/70R17 ya sa 285/70R17 ya ƙara kusan kashi 3.5 cikin ɗari, don haka in allura ta nuna kilomita 100, motar na gudun kusan 103 da rabi. In tsalle aka yi zuwa inci 35, bambancin ya haura kashi 10. A nan mota ke yin nauyin tashi, shan mai ya ƙaru, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita. Shi ya sa masu sa irin wannan taya kan canza giyar aksul, misali daga 3.73 zuwa 4.56, domin injin ya dawo da ƙarfin jansa.

Lambar lodi

Wannan shi ne ɓangaren da masu saye suka fi tsallakewa, alhali ya fi girman taya muhimmanci. Bayan lambobin girma akwai wata lamba da harafi, kamar 112S ko 121/118Q. Lambar tana nuna iyakar nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka: 112 kilo 1,120 ne, 115 kilo 1,215, 121 kuma kilo 1,450. In lambobi biyu ne, ta biyun ta shafi motar da ke da tagwayen tayoyi a baya. Harafin kuwa iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, S 180, T 190.

Tayoyin LT suna da wani ajin kuma, C ko D ko E, wanda ke daidai da ƙarfin ninki 6 da 8 da 10 na zaren cikin taya a tsohon lissafi. Ba wai akwai ninki goma a cikin tayar E ta yau ba, ƙarfin ne aka kwatanta. A yawancin girma, C na kaiwa cikakken ƙarfinta a iska psi 50 (ma'aunin matsin iska), D a 65, E a 80, ko da yake masu faɗi sosai suna tsayawa ƙasa da haka. Ƙungiyar taya da wili ta Amurka da takwararta ta Turai, ETRTO, su ke fitar da jadawalin da ke haɗa iska da nauyi.

Ƙa'idar zaɓe ita ce a duba takardar da ke manne a dokin ƙofar direba, inda aka rubuta iyakar nauyin kowane aksul. Ƙarfin tayoyi biyu a haɗe dole ya kai wannan adadin ko ya wuce, kuma sabuwar taya kada ta gaza lambar wadda motar ta zo da ita. In tayar ƙaramar mota ce mai alamar P aka sa wa a-kori-kura, ana raba ƙarfinta da 1.1 tukuna. Sa tayar E ba ya ƙara wa mota yawan lodin da za ta ɗauka, domin aksul da birki da shasi ba su canza ba, ɗagawar ma sai dai ta ƙara mata saurin kifewa a kwana.

Mutane da yawa na ɗauka E ce ta fi a kowane hali, kuma ba haka ba ne. A babbar mota mai jan tirela ko mai ɗaukar siminti kullum, ita ce daidai, gefenta kuma ya fi jure ƙaya da kaifin dutse. A ƙaramar a-kori-kura da ke yawo ba kaya, nauyi da tauri kawai take ƙarawa, mota ta riƙa tsalle a burji kamar amalanke. Ga irin wannan, C ta wadatar muddin lambar lodinta ta kai.

Iska da shekaru

Iska ce ke ɗaukar kaya, taya riƙe ta take yi. Tayar LT tana bukatar iska fiye da tayar P kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, saboda haka adadin iskar da aka rubuta a jikin ƙofa ya daina aiki da zarar an canza nau'i, sai a koma jadawali. Direbobin Hilux da Land Cruiser a hanyoyin yashi na yankin Agadas kan rage iska don taya ta shimfiɗu, amma in an hau kwalta da lodi ba a mayar ba, gefen taya yana lanƙwasa ya yi zafi har ya fashe, musamman a bazara.

Mai sayen tayar gwanjo kuma ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ita ma safaya girmanta ya zo ɗaya da sauran, domin a mota mai jan ƙafa huɗu bambancin tsayi yana wahalar da giyar aksul.