Yawan baƙin mai ba ya ƙara wa injin kwale-kwale lafiya

Daga Kosti har Sinnar a ƙasar Sudan, masunta da yawa sun taso da jin cewa tsohon inji sai an ƙara masa baƙin mai a cikin fetur, wai in ya sha mai sosai ba zai ci kansa ba. Tsoron nasu yana da tushe, domin injin da ake gauraya wa mai da fetur, in man ya gaza, fistin kan kama.

Sai dai wanda ya wuce kima ba ya ƙonewa duka. Ragowar kan daskare ta zama baƙin kabon a kan fistin, ta maƙale ringi, ta toshe hanyar hayaƙi. Daga nan ƙarfi ya ragu, tayarwa ta yi wuya. Yawancin irin waɗannan injuna awonsu 50 da 1 ne, wato rabin lita na mai a lita 25 na fetur, amma wasu tsofaffin na buƙatar mai fiye da haka. A bi littafin injin. Man mota kuma bai dace ba, a nemi man injin kwale-kwale mai alamar TC-W3 a jikin robarsa.

Dubawa ba wuya. Bayan an dawo daga ruwa, inji ya huce, a kwance fulogi. Bakinsa in ruwan ƙasa ne a bushe, lafiya lau. In baƙi ne mai danƙo, akwai matsala. A haska tocila ta ramin fulogin, za a hangi kan fistin, a ga ko kabon ya taru.

Yawan tafiya a hankali ma na tara kabon, don haka a riƙa buɗe masa wuta lokaci-lokaci.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu kwale-kwale.