Ciwon mayasteniya: wane likita za a nema, kuma a ina?

Wace irin cuta ce wannan?

Garkuwar jiki ce ke juyowa ta kai hari a daidai wurin da jijiya ke miƙa wa tsoka saƙo. A takardar asibiti za ka ga an rubuta myasthenia gravis. Mutum zai tashi da safe garau, zuwa la'asar fatar ido ɗaya ta zubo, abu ɗaya ya koma biyu a idonsa. Ya fara cin tuwo lafiya lau, kafin ya kai rabin malmala muƙamuƙi ya gaji, murya ta koma ta hanci. In ya huta, ƙarfi ya ɗan dawo. Wannan zuwa da dawowar ne ke sa 'yan gida su ce son jiki ne, ko sammu. Ta fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40 da maza da suka haura 60.

To wane likita ne nata?

Likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. A nan ake yawan ɓatan kai: shi daban, likitan taɓin hankali daban, mai yi wa ƙwaƙwalwa tiyata ma daban. Da yawa kan fara zuwa wajen likitan ido, kuma ba laifi, sau da yawa shi ke fara zargin cutar ya tura mutum gaba.

Ina ake samunsa?

Ba su da yawa, galibi sai a manyan asibitoci: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A Nijar, galibi sai Yamai. Ka karɓi takardar turawa daga likitanka, ka tambayi ranar da sashen ke ganin marasa lafiya kafin ka biya kuɗin mota.

Yaya zan gane ya san cutar?

Daga abin da ya nema. Zai iya ɗora ƙanƙara a kan fatar idon da ta zubo na minti 2, ya ga ko za ta ɗaga. Zai nemi gwajin jini na garkuwar da ke yin ɓarnar, wataƙila da gwajin jijiya da lantarki, sannan hoton ƙirji na CT, domin kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon suna da ƙari a wata halitta da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimus. Ka taimaka masa: a ɗauki hoton fuskarka da waya da safe, a sake ɗauka da magariba. Layin asibiti da safe ake bi, lokacin da ciwon ke ɓuya.

Kuma in ka samu wanda ya san kanta, ka tsaya masa. Pyridostigmine da prednisolone da azathioprine magunguna ne da ake ƙarawa a rage a hankali, tsalle daga wannan likita zuwa wancan ɓata lissafi yake yi.

Me zan kiyaye kafin ranar ganin likita?

Kemis ɗin unguwa. Magungunan da muka saba sha ba tambaya suna iya tayar da ciwon: allurar gentamicin, ciprofloxacin da ake ba wa duk wanda aka ce yana da taifod, azithromycin, kwinin da kulorokwin. Mai juna biyu ta faɗa wa ungozoma tun ranar awon farko, domin allurar magnesium sulfate da ake yi wa mai jijjiga haɗari ce gare ta. A rubuta sunan cutar a kati, a ajiye a aljihu ko a jaka.

Yaushe ba a jiran ranar?

Idan numfashi ya fara sama-sama, ko yawu ya gagara haɗiya, ko ruwa na dawowa ta hanci, ko wuya ya kasa riƙe kai. A nufi sashen gaggawa na asibitin da ke da injin taimaka wa numfashi, ko da tsakar dare ne.