Agwagi Sun Riga Mu Sani: Gubar Dalma a Tsakar Gida da Bakin Kududdufi

A farkon shekarar 2010, mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara sun lura agwaginsu na ƙarewa. Babu wanda ya ɗauki abin da zafi, domin duk mai kiwon tsuntsaye ya saba da annoba, ta zo ta kwashe na kwashewa ta wuce. Ba a jima ba sai abin ya koma kan yara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya daina wasa, ya yi laushi, sai jijjiga, sai a wayi gari an kai shi makwanci. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska ce. Likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, MSF, waɗanda sa ido kan sanƙarau ne ya kai su yankin, sun ba da maganin waɗannan cututtuka, yara ba su tashi ba. Sai da aka aika jini ɗakin gwaji sannan aka gano dalma ce.

Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, ba masanin duwatsu ba. Amma wannan lamari ya tilasta wa irinmu zama mu saurari masu binciken ƙasa da na ruwa da na dabbobi, domin allura da ƙwaya ba su isa su bayyana abin da ke kashe yaran ba. Abin da na fahimta daga gare su shi nake son isarwa ga duk gidan da ke da mai zuwa ramin zinare, ko a Zamfara yake, ko Neja, ko Kebbi, ko Kaduna.

An ƙiyasta yara kimanin 400 ne suka rasu a wancan karon. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta yi tare da jami'an lafiyar Najeriya a ƙauyukan Dareta da Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Wanda ya san ƙauye ya san ma'anar wannan lissafi: da wuya ka sami gidan da ba a yi zaman makoki ba.

To, daga ina dalmar ta fito? Daga cikin dutsen da ake neman zinaren. Masana duwatsu sun bayyana cewa zinaren wannan yanki yana kwance ne a cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa tsofaffin duwatsun ƙasar, kuma a wasu ramuka, ba duka ba, jijiyar da ta ɗauko zinare ta ɗauko ma'adinin dalma tare da shi. Ma'adinin nan ba baƙonmu ba ne, shi ne dutsen nan mai nauyi da ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali. Masu bincike na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka da suka gwada samfurin dutsen da ƙurarsa sun gano wani abu da ya ƙara munin lamarin. Ruwan sama da iska sun daɗe suna cin dutsen tun kafin a haƙo shi, har wani ɓangare na dalmar ya rikiɗe zuwa nau'in da ruwan cikin ɗan Adam ke narkarwa cikin sauƙi. Wato da zarar ƙurar ta shiga tumbin yaro, ba wucewa take yi ba, narkewa take yi ta bi jini.

Dutsen yana nan tun fil azal bai kashe kowa ba. Abin da ya canza shi ne farashin zinare ya tashi a duniya, injinan niƙa suka shigo ƙauyuka, dutse ya baro daji ya shigo gari. Maigida ya kawo buhu ya ajiye a zaure. Uwargida, da goyo a bayanta, ta farfasa shi da guduma ko ta daka a turmi. A kai inji a niƙa shi a bushe, ƙura ta turnuƙe unguwa. A wanke garin a bakin kududdufi, a shanya a tsakar gida, inda ɗan rarrafe ke yini yana kai hannu baki. A wasu gidajen an auna ƙasa aka sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, wato ɗaya bisa goma na ƙasar da yaro ke zaune a kai dalma ce. Ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga filin wasan yara kashi 400 ne cikin miliyan.

Akan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan kam bai sani ba. Ƙasa mai dalma da wadda ba ta da ita kamanninsu ɗaya, ba wari, ba ɗanɗano. Masu binciken da wata na'ura suka zo, ta riƙewa a hannu, a ɗora bakinta a kan ƙasa ta faɗi yawan dalmar cikin ɗan lokaci. Da ita aka bi gida gida.

Iyaye maza sukan tambaye ni, cikin gaskiya ba gardama ba: mu da muke cikin ramin muna shaƙar ƙurar, me ya sa ba mu ne ke mutuwa ba? Amsar tana da sassa. Yaro a ƙasa yake rayuwa, kuma komai ya taɓa sai ya kai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa. Ƙwaƙwalwarsa kuma ginuwa take yi, ba ta gama ƙwari ba. Sannan jiki yana ruɗewa ya ɗauki dalma a matsayin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, don haka yaron da ba ya samun nono da wake da ganye isassu ya fi shiga haɗari. Ku ma manya ba tsira kuka yi ba. Dalma tana kawo hawan jini, tana lalata ƙoda, tana rage ƙarfin haihuwa. Tana kuma ɓuya a cikin ƙashi da haƙori shekara da shekaru, idan mace ta ɗauki ciki sai ta fito ta bi jini ta isa ga ɗan tayi. Yarinyar da ta yi wasa a cikin ƙurar nan a 2010 yau ta isa aure. Wannan na daga cikin abubuwan da ke hana ni sakin jiki da maganar cewa abin ya wuce.

Batun ruwa ya zo da labari biyu, mai daɗi da marar daɗi. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zo da ɗakin gwaji na tafi-da-gidanka a cikin 2010 ta ɗebi ruwan kududdufai da rijiyoyi da na burtsatse. Kududdufai da yawa sun gurɓata ƙwarai. Wasu rijiyoyin sun haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda shi ne mikrogram 10 na dalma a kowace lita (mikrogram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na gram). Amma ruwan burtsatse an same shi lafiya. Abin da wannan ke nufi shi ne gubar ba ta ƙarƙashin ƙasa ta bi ta shiga rijiya ba, ta sama ta faɗa: ƙurar da iska ta kwaso, guga da igiyar da aka yar a ƙasa aka sake zurawa, ruwan wankin dutse da ya gangaro. Abin da ya shiga ta baki kuwa ana iya tare shi ta baki. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, a kafa sanda a riƙa rataye guga. Kuma don Allah a daina cewa za a tafasa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cutar gudawa da kwalara, ba ta taɓa dalma, hasali ma idan ruwan ya ƙone ya ragu, dalmar da ke cikinsa ƙara kauri take yi.

Kududdufi ya fi wahalar sha'ani, domin na kowa ne. Nan shanu ke sha, nan yara ke wanka, nan ake ɗibar laka a buga tubali a gina ɗaki. Idan an shekara ana wanke garin dutse a cikinsa, lakar ƙasansa ta zama ma'ajiyar guba, wanda ya yi yaɓe da ita ya kai gubar har ɗakin kwanansa. Shi ya sa a wuraren da aka yi aikin tsabtacewa ba gidaje kaɗai aka kankare ba, har da kududdufai.

Nan ne agwagwa ta shigo. Masu nazarin tsuntsaye sun daɗe da sanin cewa agwagwa tana tace laka da baki, tana haɗiye tsakuwa don ƙundunta ya niƙa abinci. Idan da dalma a cikin lakar, ƙundun ne zai niƙa ta ya miƙa wa jini. A Amurka, agwagin daji da ke haɗiye harsashin dalma da mafarauta suka zubar a fadamu sun yi ta mutuwa, har a 1991 aka haramta farautar tsuntsayen ruwa da irin wannan harsashi a faɗin ƙasar. Saboda haka abin da ya faru da agwagin Zamfara ba sabon abu ba ne a wurin masana, mu ne ba mu iya karanta shi ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Agwagwa da kaza da ɗan akuya ƙasa ɗaya suke tsintar abinci da yaranmu, kuma jikinsu ya fi ƙanƙanta, don haka su ke fara faɗuwa. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa a garin da ake sarrafa dutse, a gaya wa malamin dabbobi, a gaya wa malamin asibiti, a rana ɗaya. Mai yiwuwa annobar kaji ce kawai, gwaji ne zai raba gardama. Kada kuma a yi saurin yanka mai ciwon a jefa a tukunya don gudun asara.

Magani akwai, ƙwaya ce da ake ba yaro na makonni, tana kama dalmar da ke jini ta fitar da ita ta fitsari. Akan fara ta ne idan dalmar ta kai mikrogram 45 a kowace desilita ta jini, wato ɗaya bisa goma na lita, kuma a Dareta da Yargalma kusan duk yaran da aka gwada sun kai wannan mataki. Sai dai likitoci sun dage kan sharaɗi guda: ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi tsakar gidan da ta sa masa ciwon. Dole a fara kankare saman ƙasar, a kwashe a binne a ramin da aka tanada, a zuba sabuwa. Haka aka yi a Dareta, Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka samu kuɗin aikinta, yara na jira. Kuma ƙwayar ba ta dawo da abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa. Akwai yaran da suka rayu amma suka makance, akwai waɗanda ƙafa ta shanye, akwai masu yawa da ba a ganin komai a jikinsu sai an sa su makaranta a ga karatu ya ƙi zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa.

A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, ta hanya iri ɗaya.

Ba zan ce wa kowa ya bar haƙar zinare ba. Na ga yadda irin wannan wa'azi ke ƙarewa: mutum ya gyaɗa kai, ka juya baya ya mayar da injinsa cikin ɗaki inda hukuma ba za ta gani ba, ƙurar ta ƙara matsowa kusa da yara. Wanda gonarsa ba ta ciyar da shi zuwa wata damina ba zai bar abin da ke kawo masa kuɗin hatsi ba. Roƙona shi ne dutse ya tsaya a daji. A fasa shi a can, a niƙa shi a can, nesa da gari da rijiya, kuma a niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi. Maigida ya ware kayan aiki da takalmin aiki ya bar su a wurin, ya yi wanka kafin ya shigo ya ɗauki ɗansa. Buhun da ya ɗauki dutse kada ya ɗauki gero. Injin da ya niƙa dutse kada ya niƙa dawa, turmi ma haka. Zaiba, wato makuri, da ake ƙonawa don ware zinare ita ma guba ce mai zaman kanta, hayaƙinta bai kamata ya tashi a inda mace mai ciki ko yaro ke numfashi ba.

Iyaye mata, naku aikin ya fi yawa, na sani. A yayyafa ruwa kafin shara. A shimfiɗa wa ɗan rarrafe tabarma mai tsabta. A wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci, a rufe kwano, kada a shanya tsaba a ƙasa tsirara. A ba shi nono da wake da zogale da kifi gwargwadon hali, domin yaron da cikinsa ba komai ya fi tsotsar gubar. Sai maganar tozali, wadda na san ba ta yi wa kakanni daɗi. A 2012 hukumomin lafiya a Amurka sun ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, da aka bi diddigi sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na kwallin dalma ce. Jariri yana murza ido ya tsotsi yatsa. A haƙura da sa masa.

Idan kun kawo yaro asibiti da amai, ko ciwon ciki, ko jijjiga, ko kun ga ya daina abin da ya saba yi, ku faɗa mana tun a bakin ƙofa cewa mahaifinsa yana aikin dutse, ko ana niƙa a maƙwabta. Alamomin sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, kuma yaro yana iya ɗauke da duka biyun. Idan ba ku faɗa ba, gwajin zazzaɓi za mu yi mu ba ku magani ku koma gida. Idan kun faɗa, za mu nemi a gwada jininsa don dalma, mu kuma tambayi sauran yaran gidan.