Waiwaye: Dodge Charger da injinta Hemi 426

Injin Hemi 426 ba don titi aka ƙera shi ba. Kamfanin Chrysler ya yi shi ne don ya ci tsere, dokar masu shirya tseren ce ta tilasta masa sayar wa jama'a. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin ƙarfin injin da kuma dalilin wahalar da ya ba masu shi.

Asalin dabarar tana kan silinda. A yawancin injinan zamanin, bawul ɗin shigar mai da na fitar hayaƙi suna jere ne gefe da gefe. A Hemi kuwa ɗakin ƙonewar mai kamar ƙwarya yake da aka kife, bawul biyun suna fuskantar juna, fulogi a tsakiya. Wannan ya ba da filin sa manyan bawul: na shiga inci 2.25, na fita inci 1.94. Iska tana shiga ta gefe ɗaya ta fice ta ɗayan ba tare da kwana mai yawa ba, wuta kuma tana tashi daga tsakiya ta bazu daidai. Chrysler ya fara sayar da irin wannan a 1951 da sunan FirePower, ya daina bayan 1958 saboda tsadar ƙira da nauyi.

A watan Fabrairun 1964 aka dawo da shi da girman lita 7, silinda 8, faɗin kowace silinda inci 4.25, tafiyar fistin inci 3.75. Injiniya Tom Hoover na cikin waɗanda suka jagoranci aikin. A tseren Daytona 500 na shekarar, Richard Petty ya zo na ɗaya da Plymouth, wadda ita ma motar kamfanin Chrysler ce kamar Dodge, motocin da suka zo na biyu da na uku su ma Plymouth ne masu wannan injin. Hukumar NASCAR, mai shirya wannan tseren motoci a Amurka, ta hana injin shiga a 1965, bisa hujjar cewa ba injin da mutum zai iya shiga shago ya saya ba ne. Amsar Chrysler ita ce Hemi na titi a 1966, shekarar da Dodge Charger ta fara fitowa.

Don ya zauna a gari sai da aka lallashe shi. An rage matsin silinda daga 12.5 zuwa 10.25 bisa 1, aka sa kamshaf mai sauƙi, aka ɗora kafireta biyu na Carter, kowace mai maƙogwaro huɗu. A tafiyar yau da kullum ta baya ce ke shayar da injin, ta gaba ba ta buɗewa sai an taka totur sosai. A takarda an rubuta ƙarfin doki 425 a juyi 5,000 cikin minti, kuma masana da yawa na ganin an rage adadin da gangan.

Siffar da mutane suka fi sani ita ce Charger ta 1968, mai lanƙwasar ƙugu da fitilun gaba a ɓoye. Ta yi kasuwa, amma a filin tsere ta ba da matsala: gabanta mai zurfi yana kama iska, gilashin baya da aka tura ciki kuma yana ɗaga gindin motar idan gudu ya yi yawa. Charger 500 ta gyara waɗannan biyun, bai isa ba. Sai aka fito da Charger Daytona a 1969, mai dogon hanci da fiffike mai tsayin inci 23 a baya, guda 503 kacal. Ranar 24 ga Maris 1970, Buddy Baker ya zagaya filin Talladega da ita a gudun mil 200.447 cikin awa, wato sama da kilomita 322.

A kan titi labarin daban ne, kuma nan ne ya kamata mai sha'awar motar ya natsu. Daga 1966 zuwa 1969 bakanike ne ke saita tazarar bawul da hannu, inci 0.028 a na shiga, 0.032 a na fita, injin yana sanyi. Idan tazarar ta yi yawa sai ƙara da cin ƙarfe, idan ta yi kaɗan bawul ba zai rufe sarai ba, ya ƙone. Sai a 1970 aka sa masu saita kansu da matsin baƙin mai. Manyan hanyoyin iskar nan da ke amfani a gudu su ne illarsa a cunkoso: iska ba ta da sauri, fetur ba ya gaurayuwa da kyau, fulogi ya yi baƙi, injin ya fara tari. Kowane fulogi yana cikin bututu da ya ratsa murfin bawul, robar bakin bututun idan ta bushe mai zai zubo. Ga nauyi a gaba, ga birkin da sau da yawa bai kai ƙarfin motar ba. Shi ya sa direbobi da yawa suka zaɓi injin 440 mai doki 375, wanda ya fi araha, ya fi haƙuri, kuma daga danja zuwa danja ba ya barin Hemi ya tsere masa da sauƙi. A ganina zaɓinsu daidai ne ga wanda motar ce abin hawansa na kullum.

Ƙarshen ya zo da sauri. Kamfanonin inshora sun ɗora kuɗi mai yawa kan irin waɗannan motoci, dokar tsabtace iska ta 1970 ta matsa kan hayaƙi, aka kuma fara komawa fetur marar dalma wanda injin mai matsi irin wannan ba ya so. NASCAR ma ta ƙayyade wa motoci masu fiffike ƙaramin injin daga 1971. A shekarar aka rufe ƙera Hemi 426 na titi, bayan an yi kimanin 11,000.

Mai gyara irinsa a yau yakan sa mazaunin bawul mai tauri a ɓangaren hayaƙi, domin dalmar da ke kare wurin babu ita a fetur, sannan ya ɗan ja lokacin tartsatsin wuta baya idan injin yana ƙwanƙwasa. Injinan Top Fuel na Amurka kuwa, wato motocin tseren gajeriyar miƙaƙƙiyar hanya, har yanzu kan tsarin 426 ake ƙera su, sai dai da alminiyam.