Maƙwaƙƙwafi da kiwonsa a ƙasa

Maƙwaƙƙwafi tsuntsu ne na dangin da masana kimiyya ke kira Picidae, dangin da ya ƙunshi nau'o'i fiye da 200. Ana samunsu a yawancin sassan duniya, ban da Ostareliya da Niyu Zilan da Madagaska da yankunan ƙanƙara na ƙarshen duniya. An fi saninsa manne a jikin bishiya yana saran ɓawo, kuma halittarsa ta dace da hakan: yatsu biyu na duban gaba, biyu na duban baya, ga gashin wutsiya mai tauri da yake tokarewa da shi. Sai dai wani ɓangare na dangin ya fi samun abincinsa a ƙasa, ko a gindin bishiya, ko a kututture da ruɓaɓɓen icen da ya faɗi. Wanda ya ga maƙwaƙƙwafi a ƙasa yana tsalle-tsalle, kada ya ɗauka rauni ya ji ko ciwo ya kama shi. Kiwo yake yi.

Abin da ke saukar da shi

Tururuwa ce, sai gara. Waɗannan ƙwari suna zama dubbai a wuri guda, ga ƙwai ga tsutsotsi, don haka tsuntsun da ya gano gidansu ya huta da yawo. Makaminsa harshe ne. Ƙashin da ke riƙe da harshen dogo ne ƙwarai, yana zagayawa ta bayan ƙoƙon kai, shi ya sa tsuntsun ke iya zuro harshen ya wuce tsinin bakinsa da nisa. Masu cin tururuwa suna da yawu mai danƙo. Tsuntsun yakan tona ramin da baki sau kaɗan, ya zura harshe cikin hanyoyin ƙwarin, ya janyo shi da tururuwa manne a jiki, ya haɗiye, ya sake zurawa. Tsakanin loma da loma yana ɗaga kai ya duba sama da gefe, domin a fili shaho da mage sun fi samun sa'arsa. Da ya ji motsi sai ya tashi zuwa bishiya mafi kusa, ya zagaya bayan gangar jikinta ya laɓe.

Nau'o'in da suka yi fice

Koren maƙwaƙƙwafi na Turai, Picus viridis, yana yini a filayen ciyawa, harshensa kuma ya kai kusan santimita 10. A lokacin hunturu har dusar ƙanƙara yake tonawa don ya isa gidan tururuwa. Kashinsa idan ya bushe kamar tokar sigari yake, in aka murmushe shi sai a tarar da ɓawon tururuwa. Ba kasafai yake buga ice da sauri kamar 'yan uwansa ba, da kuka ya fi sanar da kansa. A Amurka ta Arewa akwai Colaptes auratus, mai ɗan lanƙwasasshen baki, shi ma tururuwa ce cimarsa. Wanda ya fi kowa rabuwa da bishiya shi ne Geocolaptes olivaceus na Afirka ta Kudu da Lesoto da Eswatini: cikin duwatsu yake rayuwa, kuma ramin da yake ƙwai a gaɓar ƙasa yake haƙa shi.

A ƙasar Zazzau

Zariya tana cikin dajin savana, inda ruwan shekara ke kaiwa wajen milimita 1,000, ga gonaki masu ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, ga mangwaro a cikin unguwanni. A irin wannan ƙasa, cikin masu zama duk shekara, wanda ya fi sauka ƙasa shi ne Campethera punctuligera, da ake samu tun daga Sanagal har Sudan. Tsawonsa kimanin santimita 22 ne, bayansa kore-kore, ƙirjinsa da ƙananan ɗigo baƙaƙe. Namijin yana da jan kai da jan zane a gefen baki, macen kuwa goshinta baƙi ne mai ɗigon fari, ja a ƙeya kawai. Tururuwa da gara ne abincinsa. Inda gara ta lulluɓe gindin ice da jar ƙasa, bugu kaɗan ya isa ya farfasa rufin, sauran aikin na harshe ne. Wanda ya duba irin wannan gindin bayan tsuntsun ya tashi zai ga ɓarɓashin ƙasa a zube da farin tabo a jikin ɓawo.

Mai tokan kai, Dendropicos goertae, yana shiga lambuna da gonaki, amma shi ya fi zama a rassa da gangar bishiya.

Akwai kuma baƙo, Jynx torquilla, wanda ke hayayyafa a Turai da Asiya, ya tsallako Sahara ya yi rani a wannan yanki. Bai wuce santimita 17 ba, launinsa irin na busasshen ɓawo, wutsiyarsa ba ta da tauri, kuma ba ya haƙa wa kansa rami a ice. Kusan duk kiwonsa a ƙasa yake, kan tururuwa. Idan aka kama shi yakan murɗa wuya yana huci don ya tsorata abokin gaba. Saboda launinsa, mutum kan wuce shi a bakin gona bai lura ba.

Abin da ke rage masa abinci

Busasshen ice shi ne ɗakin ƙwan maƙwaƙƙwafi, ruɓaɓɓe kuma rumbunsa. Neman itacen girki da gawayi yana kwashe duka biyun, ƙunar daji tana cinye kututture, feshin maganin ƙwari kuma yana kashe abin da yake ci. Manomi yana da hujjar ƙin gara, tunda tana cin amfanin gona da azarar ɗaki, amma wannan tsuntsu yana cikin masu rage masa ita kyauta. Ramukan da ya haƙa ya bari kuwa wasu tsuntsaye da ba sa iya sara su ke gajewa. Abin takaici ne a ce yara suna harbinsa da danƙo daidai lokacin da ya sauko kiwo. Barin kututture ɗaya ko biyu a iyakar gona ba ya rage wa mai gona komai.