Gyaran Tsohuwar Karaban

Gyaran tsohuwar karaban aiki ne na sha'awa da wasu ke yi a lokacin hutunsu, inda ake sayen karaban da ta kwana biyu, sau da yawa wadda aka yasar a gona ko bayan gida, a farfaɗo da ita har ta sake hawa titi. Karaban ɗaki ne mai taya da mota ke ja, da gado da wurin girki da kabad a ciki, ana tafiya hutu da shi. Ba ta da inji, saboda haka aikin ya fi kusa da kafinta da walda da ƙirar alminiyam fiye da kanikanci. Abin ya fi yaɗuwa a Biritaniya, Amurka, Jamus, Holan da Ostireliya. Ƙungiyoyin masu wannan sha'awa ba su haɗu a kan shekara guda da ke raba tsohuwa da sabuwa ba, amma yawanci ana nufin abin da aka ƙera kafin wajen 1980.

Tarihi

Karaban ta farko da aka ƙera don yawon shaƙatawa ita ce wadda ake kira The Wanderer, ta Dokta William Gordon Stables, tsohon likitan sojan ruwa ɗan Sikotilan. Wani kamfanin keken doki a Bristol ne ya ƙera ta, dawaki biyu ke jan ta, kuma a 1885 ya yi doguwar tafiya da ita daga kudancin Ingila zuwa Sikotilan. A 1907 aka kafa ƙungiyar masu karaban ta Caravan Club a Biritaniya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya mota ta karɓi aikin doki, kamfanin Eccles na Birmingham ya fara ƙera karaban da mota ke ja a 1919. A wannan shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar masu yawon shaƙatawa da mota ta Tin Can Tourists a jihar Florida ta Amurka.

A Jamus, Arist Dethleffs ya ƙera tasa a 1931. A Amurka fasahar jirgin sama ce ta shigo cikin sana'ar. Hawley Bowlus, wanda ya yi aikin ƙera jirage, ya fito da tirela, wato karaban, ta alminiyam da aka haɗa da ribit (ƙusar haɗa fallen ƙarfe) a 1934, sannan Wally Byam ya biyo da Airstream Clipper a 1936. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sami rarar alminiyam da ma'aikatan da suka ƙware a kansa, sai kamfanoni suka yawaita, Shasta kuma, wadda aka kafa tun 1941, an san ta da 'yan fukafukai a bayanta. A Ingila Sam Alper ya fito da Sprite wajen 1950, mara nauyi kuma mai araha, wadda ƙaramar motar iyali za ta iya ja. Kamfaninsa ya zama Caravans International a 1963, ya durƙushe a farkon shekarun 1980. Eriba ta Jamus, wadda ta samo suna daga Erich Bachem, ta bayyana a ƙarshen shekarun 1950, Boler ta faiba kuma a Winnipeg ta Kanada a 1968.

Sha'awar gyara su ta ƙaru sosai daga shekarun 1990. An farfaɗo da Tin Can Tourists a 1998, intanet kuma ta sauƙaƙa neman kayan gyara da tsofaffin takardun kamfani.

Ire-iren ƙira

Ƙirar jiki ce ke nuna irin aikin da za a yi. Mafi yawa ƙwarangwal ne na katako mai laushi, kaurinsa wajen milimita 25, da siririn alminiyam da bai kai milimita 1 ba a waje, da filawud na wajen milimita 3 a ciki. Na biyu su ne irin Airstream, haƙarƙarin alminiyam da fatar alminiyam, katako a daɓe kaɗai. Eriba ƙwarangwal ɗinta bututun ƙarfe ne, don haka ita tsatsa ce matsalarta. Na faiba ba sa ruɓewa, sai dai su tsage.

Dubawa kafin saye

Ruwa ne ke kashe karaban. Yana shiga ta wurin da aka huda fata: gefen taga, ƙofa, tagar rufi, fitilu, da sandunan alminiyam da ke rufe mahaɗar bango da rufi. Daga nan ya bi katako ya gangara, ya taru a kusurwa da ƙasan bango. Shi ya sa inda tabo ya fito a ciki ba lallai nan ne ruwan ya shiga ba, yana iya zama mita ɗaya ko fiye daga ramin.

Ana auna laima da na'ura mai allura biyu. Ƙasa da kashi 15 cikin 100 lafiya lau ne, 15 zuwa 20 a sa ido, abin da ya haura 25 kuma ruwa na shiga. Na'urar na iya yaudara: katakon da ya riga ya ruɓe ya bushe yakan nuna adadi mai kyau. Don haka ake haɗawa da hannu da hanci. A danna bango da babban yatsa a cikin kabad da ƙarƙashin gado, a kama maƙalin turawa na kusurwa a girgiza, in ya yi motsi to katakon da ke riƙe da shi ya tafi. Warin rima, kusoshi masu tsatsa, da sabon fenti a bango ɗaya kacal duk alamu ne. A shiga ƙarƙashi da tocila da sukudireba a tsokani shasi, wato ƙarfen ƙasa da jiki ke zaune a kai, da gefen daɓe.

Lambar shasi na kan sandar ja ko kan ƙaramin faranti kusa da ƙofa. A Biritaniya rajistar karaban ta ƙasa, CRiS, ta fara ne a 1992, don haka tsofaffi ba su da ita, sai a dogara da rasit da lambar kamfani wajen gane shekara.

Shasi, taya da birki

Ana fara aiki daga ƙasa, a bi da rufi da bango, kayan ciki su zo ƙarshe. Wanda ya fara da labule da fenti sai ya warware aikinsa da hannunsa.

Shasin ƙarfe mai fenti ana kankare shi da burushin waya, a yanke inda tsatsa ta cinye a yi walda, a shafa maganin tsatsa sannan fenti. Shasin da aka lulluɓe da zin, wato tutiya, irin na kamfanin AL-KO mai ƙera shasi, kamfanin bai yarda a huda shi ko a yi masa walda ba, sai a canza ɓangaren. Ana fitar da boris a wanke, a duba, a cika da sabon giris, a ɗaure noti har taya ta daina wasa ba tare da ta kame ba, a sa sabon fil. Aksil mai roba a ciki, wanda Airstream ta koma amfani da shi tun farkon shekarun 1960, robarsa kan sandare bayan shekaru, sai tirela ta riƙa dukan titi tana karya ribit da kabad. Wannan canza shi ake yi.

Tayar karaban shekaru ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba. Ƙungiyoyin Biritaniya na ba da shawarar canzawa a shekara biyar, kada ta wuce bakwai. Lambobi huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke jikinta mako ne da shekarar ƙira, in uku ne to kafin 2000 aka yi ta. A Turai tirelar da ta haura kilo 750 dole ta kasance da birki, kuma birkin na kamawa ne idan tirela ta tura motar. Na da ba su san ribas ba, sai an sauka an kulle wani ɗan ƙarfe kafin a ja baya. A Amurka birkin lantarki ya fi yawa. Wani tarko kuma shi ne tsohon kan ja na Biritaniya mai inci 2, wato milimita 50.8, a kan ƙwallon zamani mai milimita 50. Ido ba ya ganin bambancin, amma yana wasa, kuma ba a haɗa su.

Katako da daɓe

Nan ne rabin aikin yake. Kafin a cire komai ana ɗaukar hoto, a auna, a rubuta lamba a kan kowane yanki. Ko ruɓaɓɓen katako ba a zubar da shi, domin shi ne ma'aunin da za a yanka sabo da shi, musamman a kusurwoyi masu lanƙwasa. Kabad da bangon ciki ma suna cikin abin da ke riƙe jikin. Idan aka kwashe su gaba ɗaya ba a tokare rufi ba, bango kan buɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ana tokarewa da sanduna, a yi bango ɗaya a gama kafin a taɓa na biyu.

Yawancin tirelolin katako na Amurka daga ciki aka fara haɗa su, fatar alminiyam ce ta ƙarshe, don haka gyaran ƙwarai daga waje ake yin sa. A cire sandunan gefe, a zare kusoshi, a ɗaga fatar a hankali, mutum biyu ko uku, don in ta karye ba ta komawa. Ruɓa ana yanke ta har a kai katako mai ƙarfi, a ƙara santimita 10 zuwa 15. Sabon yanki ana haɗa shi da yankan karkace mai tsawo, da gam mai jure ruwa da sukuru, saboda haɗin kai da kai ba ya jure girgizar hanya. Ba a sa katakon da aka jiƙa da maganin ƙwari mai tagulla a jikin alminiyam, yana cinye shi. Haka nan sukurun ƙarfe na gama-gari, inda laima take, yana barin farin gari da rami a fatar.

Daɓe iri biyu ne. Na da filawud ne ko falanki a kan sanduna, ana yanke wurin da ya lalace har tsakiyar sanda a sa sabo mai kauri ɗaya. Na baya-bayan nan soso ne tsakanin filawud biyu sirara, idan gam ɗin ya saki sai a ji daɓe na lotsawa a gaban wurin girki da bakin ƙofa. Maganinsa a tokare daga ƙasa, a huda ramuka na milimita 8 ko 10 a tazarar wajen santimita 10 ba tare da an fasa filawud na ƙasa ba, a ɗura gam mai haɗi biyu, a toshe da turakun katako, a ɗora nauyi na kwana ɗaya.

A Airstream gefen filawud ɗin daɓe yana matse ne tsakanin jiki da shasi, noti ya ratsa duka ukun. In gefen ya ruɓe, jiki ya rabu da shasi ke nan, abin da aka fi gani a bayan dogayen tirelolin shekarun 1970. Cikakken gyara shi ne a tokare cikin, a ɗaga jikin gaba ɗaya, a janye shasi a sake daɓe.

Tsofaffin tayil na daɓe da allon da ke bayan hita na iya ƙunsar asbesto, tsohon fenti kuma dalma. Ba a goge su da samfefa kafin a gwada.

Toshe yoyo da goge fata

Kowace taga da sanda ana cire ta, a kankare tsohon danƙo tas, a goge da sinadari, a shimfiɗa sabon danƙon butil, a ɗaura daga tsakiya zuwa gefe har ya ɗan tsattsafo, a yanke rarar. Butil ba ya bushewa, yana bin motsin jiki. Silikon kuwa masu gyara sun tsane shi: yana saki daga alminiyam a ɓoye, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa, kuma inda ya taɓa babu abin da ke sake mannewa sai an sha wahala.

Ribit ana cire shi ne da ƙaramin bakin huji daidai tsakiyarsa, don kada ramin ya faɗaɗa. Ribit na asali sai mutum biyu, ɗaya da bindigar iska a waje, ɗaya riƙe da dunƙulen ƙarfe a ciki. Fatar tsofaffin Airstream tana da siririn lulluɓi na tsantsar alminiyam, shi ne ke ƙyalli kamar madubi. Ana cire tsohon vanish, a goge da man gogi daga mai kaushi zuwa mai laushi, aikin da kan ci sa'o'i ɗari ko fiye. Samfefa na ratsa lulluɓin ya bar dusasshen tabo na dindindin.

Gas da lantarki

Tiyon gas na roba ana canza shi duk shekara biyar. A Biritaniya regileta ta da milibar 28 ce ga butan, 37 ga furofan, a Jamus 50, sannan aka koma 30 a sababbi wajen 2004, don haka dole regileta ta dace da murhu. Tsohuwar hita mara bututun hayaƙi da fitilar gas suna iya fitar da iskar kabon monoksaid, ba a kwana ba tare da na'urar gargaɗi ba, kuma ba a toshe ramukan iska na daɓe. Firij mai amoniya ba ya sanyi sai karaban na tsaye daidai. Wayarin ɗin da ya tsufa sakewa ake yi, na batir mai bolt 12 da fis ɗinsa daban, na wutar gida da makashin kariya mai miliamfa 30. Ƙwararre ne ke gwada gas da wutar gida.

Nauyi

Filawud mai kauri, tayil, babban batir da tankin ruwa kan ƙara kilo masu yawa a kan aksil da aka yi wa kaya mara nauyi. Ana auna karaban a sikelin mota bayan gyara. Nauyin da ke sauka a kan ƙwallon ja kashi 5 zuwa 7 cikin 100 ne a ƙa'idar Biritaniya, 10 zuwa 15 a ta Amurka. Kaya masu nauyi a baya suna sa tirela lilo a kan hanya.

Saɓani

Wasu na ganin a mayar da komai yadda kamfani ya yi, har yadin kujera da maƙalin kabad. Wasu na barin waje yadda yake su sabunta ciki, ko su mai da ita shagon shayi ko ɗakin baƙi. Ɓangarorin biyu sun yarda a sabunta birki, taya, gas da wayarin.