Caritas a Biranen Arewacin Kamaru

Caritas ita ce ƙungiyar agaji ta Cocin Katolika. Sunan daga Latin ya fito, ma'anarsa ƙauna. An kafa ta farko a birnin Freiburg na Jamus a 1897, sannan a 1951 aka haɗa rassan ƙasashe ƙarƙashin inuwa ɗaya mai hedikwata a Roma, wadda yau ke da mambobi fiye da 160. A arewacin Kamaru aikinta yana tafiya ne ta dayosis huɗu, wato yankunan coci da bishop ke shugabanta: Garwa, wadda ita ce babba, sai Marwa-Mokolo, Yagwa da Ngaundare. Kowace tana da ofishin jin daɗin jama'a ƙarƙashin bishop; a Garwa da Yagwa ana ce masa CODAS-Caritas.

Tushen aikin ya koma 1946, lokacin da limaman ƙungiyar Oblat suka iso yankin bisa jagorancin Yves Plumey. Sun tarar da mishan na Lutheran tun shekarun 1920, waɗanda su ne asalin asibitin Furotesta na Ngaundare. Da fari hankalin mishan yana kan karkara da duwatsun Mandara. Fari, ƙarancin gona, daga baya kuma rikicin Boko Haram da ya tsananta a Arewa Mai Nisa daga 2014, su suka kwararo da mutane zuwa gefen Marwa, Mora da Kusuri, aikin ya biyo su cikin gari.

Yadda ake zaɓen masu karɓa

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Talakan birni ba ya da rumbu da za a leƙa a gane halinsa. Haya yake biya, ruwa ma saya yake yi a jarka. Don haka kwamitin coci na unguwa kan fara da gaisuwa wurin lawan ko jauro, wato masu unguwa, a nemi sunaye, sannan 'yan sa kai su bi gida gida su gani da ido. Abin da suke dubawa: sau nawa ake ɗora tukunya a rana, wa ke ciyar da gidan, yara nawa suka daina zuwa makaranta, akwai mai ciwo a kwance ko babu. Gwauruwa mai marayu, tsohon da ba shi da mai duba shi da 'yan gudun hijirar da suka raɓe a gidan wani su ke shiga gaba.

Jerin da aka karɓa daga hannun mai unguwa kaɗai, ba a bi shi ba, yakan cika da 'yan uwa da makusanta. Wanda kwamitin coci ya rubuta shi kaɗai kuma yakan tsallake gidajen Hausawa da Fulani, ba lallai da gangan ba, sai don ba a san su ba. Ƙa'idar Caritas ita ce ba a tambayar addinin mabukaci, amma a unguwar Musulmi ƙa'ida a takarda ba ta isa. Sai an sa liman da dattawa a cikin tantancewa, an kuma tura mata su shiga gidajen kulle, an yi magana da Fulatanci ko Hausa maimakon Faransanci.

Tamowa da lafiya

Daga Yuni zuwa Agusta hatsi kan yi tsada, sauro kuma ya yi yawa, shi ya sa dispensa, wato ƙananan asibitocin da sistocin coci ke kula da su, ke cika a damina. Ana gwada yaro mai wata 6 zuwa 59 da wani tef mai launi uku a tsakiyar damtsen hannu. Ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan. Tsakanin 115 da 125 rawaya ne. Sama da haka kore. Sai a danna bayan ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbin yatsa ya zauna, kumburin tamowa ne, ko da tef ya nuna kore.

Yaron da ya faɗa ja ana ba shi ɗan kwaɓin gyaɗa na magani ya ci a gaban ma'aikaciya. In ya ci, ana iya jinyarsa a gida. In ya ƙi, ko yana da zazzaɓi mai zafi ko amai, asibiti za a kai shi a ranar. Kowace ledar kwaɓin gram 92 ce mai kalori 500, ana ba da adadi gwargwadon nauyin yaro, uwa ta dawo duk mako a ɗora shi a sikeli. Matsalar da aka fi gani ita ce nauyi ya tsaya cak. Dalilin sau da yawa ba ɓoyayye ba ne: an raba ledar da yayyen yaron, ko an sayar da wasu an sayi gari. Uwar da ke da 'ya'ya biyar masu jin yunwa ba za a zarge ta da sauƙi ba. Ma'aikata masu ƙwarewa sukan haɗa wa gidan da ɗan hatsi, don maganin ya tsira ga mai shi.

Ga gudawa kuwa, leda ɗaya ta ruwan gishiri da sukari ake narkarwa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a haɗa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Kuskuren gida shi ne a zuba ledar a ƙaramin kofi don ta “yi ƙarfi”, gishiri ya yi yawa ya ƙara wa yaro illa. Lokacin ambaliya, kamar wadda ta ci Yagwa da Kusuri a 2022 da 2024 da kogin Logone ya yi toroƙo, ana raba sabulu, gidan sauro da ƙwayar tsabtace ruwa, wadda sai ta yi minti 30 a jarka kafin a sha.

Makaranta da takardar haihuwa

An soke kuɗin firamaren gwamnati a Kamaru tun 2000, amma kuɗin ƙungiyar iyaye, littattafai da yunifom suna nan. Agajin kan biya su kai tsaye ga makaranta. Babban tarnaƙi shi ne takardar haihuwa: yaron da ba shi da ita ba ya zama jarrabawar CEP ta kammala firamare a ajin ƙarshe. In wa'adin rajista ya wuce, sai an bi ta kotu, da takardar likita mai ƙiyasta shekaru da shaidu. Ofisoshin agaji kan tara sunayen yara da yawa a kai su lokaci guda, ya fi sauƙi da araha.

Asusun mata

Ya yi kama da adashi, amma ba shi ba ne. Ƙungiyar Catholic Relief Services ta Amurka, ɗaya daga cikin mambobin Caritas, ta yaɗa tsarin da sunan SILC. Mutum 15 zuwa 30 ne ke haɗuwa duk mako, kowa ya zuba abin da ya samu. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Akwai asusu biyu: na bashi, da ƙaramin na taimako saboda rashin lafiya ko rasuwa. Yawanci mamba ba ta cin bashin da ya wuce ninki uku na ajiyarta. Wadda ta tara jaka biyar, misali, iyakarta jaka goma sha biyar, ta sayi wake da mai ta ɗora kaskon ƙosai. Bayan wata 8 zuwa 12 ake fasa akwati a raba.

Ƙarin da ake ɗora wa bashi shi ne abin da ke hana mata Musulmi shiga, don kuɗin ruwa ne a wurinsu, wanda addini ya hana. Wasu ƙungiyoyin sukan cire shi, su sa kuɗin hidima tsayayye, ko su sayi kaya tare su sayar. Ƙungiya ta fi rushewa in magatakarda ita kaɗai ta iya karatu, ko in miji ya karɓe bashin matarsa ya yi nasa sha'ani. Maganin matsalar farko shi ne a riƙa faɗin jimillar kuɗin akwati da babbar murya a ƙarshen kowane zama, a sake tambaya a farkon na gaba.

Kuɗin aiki

Kaɗan daga baikon coci, wato sadakar masu ibada, yake fitowa, musamman a azumin kwana 40 kafin Ista. Mafi yawa daga waje ne: Misereor ta Jamus, Secours Catholique ta Faransa, da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Irin wannan kuɗi da wa'adi yake zuwa, shekara biyu ko uku. In ya ƙare, rabon abinci ke fara tsayawa, sai albashin masu bin gidaje. Dispensa kan ci gaba da ɗan kuɗin kati da na magani da marasa lafiya ke biya.